Yadda Za Ka Hau Jirgin Ƙasan Abuja da Kaduna a Karon Farko

Tun da sayen tikiti ya koma intanet, tambayar da 'yan uwa da abokan arziki suka fi yi mini ita ce: "Wai yaya ake hawa jirgin nan na Kaduna?" Wani ɗalibi ne da aka kira ganawar ɗaukar aiki a Abuja, wani mahaifiyarsa zai kai asibiti, wata kuma biki za ta je da yara biyu. Damuwarsu kusan ɗaya ce. Ba su taɓa taka tashar jirgin ƙasa ba, suna gudun su je su rikice a gaban jama'a, ko jirgi ya tashi ya bar su riƙe da tikiti. Shi ya sa na jero matakan ɗaya bayan ɗaya, daga gida har sauka.

Layin da zan yi magana a kai shi ne na Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a 2016, kuma Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wato NRC, ke tafiyar da shi. Mai hawa jirgin Legas zuwa Ibadan ma zai amfana da yawancin abin da ke nan.

Kafin komai, ka cire tashar mota daga ranka. A can kana isa ɗan kamasho zai tare ka, ku yi ciniki, ka zauna a jira mota ta cika, in ka je sayen ruwa ma direba ya yi maka ham. Jirgi ba ya jiran cika, ba a ciniki, kuma kujerar da sunanka aka sayar da ita. Don haka fiye da rabin aikin a gida ake gama shi.

1. Zaɓi tashar da za ka hau

A ɓangaren Kaduna babu ruɗani, tashar Rigasa ce, a ƙaramar hukumar Igabi. A Abuja ne sabon shiga ke yin kuskure, domin tashoshi biyu ne: Idu da Kubwa. Daga Idu jirgi ke tasowa, ya tsaya a Kubwa ya ɗebi fasinja, sannan ya miƙe Kaduna. In daga Kaduna ya fito, Kubwa yake fara tsayawa, Idu ce ƙarshe.

Idan kana Gwarimpa, Dutsen Alhaji, Bwari, Dei-Dei, Zuba ko Suleja, Kubwa ta fi maka kusa. Idan kana wajajen Jabi, Karmo ko hanyar filin jirgin sama, Idu ta fi. A Idu kuma ake haɗuwa da ƙaramin jirgin cikin gari wanda ke zuwa filin jirgin sama da tsakiyar birni, amma shi ma yana da nasa jadawalin, kada ka ɗauka kana sauka za ka tarar da shi tsaye.

Ni dai shawarata ga mai hawan farko, in nisan bai yi yawa ba, ya hau a Idu. A can jirgi a tsaye yake yana jira, za ka nemi taragonka a tsanake. A Kubwa 'yan mintoci kawai yake yi, kowa na sauri, ga kaya, ga yara.

Akwai ƙananan tashoshi a tsakani irin su Jere da Rijana, amma ba kowane jirgi ne ke tsayawa a can ba. In a ɗaya daga cikinsu za ka sauka, tabbatar tun wajen sayen tikiti.

2. Tanadi lambar NIN da waya mai caji

Bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin a hanya ranar 28 ga Maris 2022 an dakatar da shi, kuma da aka dawo da shi ranar 5 ga Disamba 2022 aka wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, ga duk mai sayen tikiti. Lamba 11 ce. In ka manta taka, danna *346# a layin da ka yi rajista da shi, za a cire 'yan kuɗi kaɗan a turo maka. Bayan NIN kana buƙatar lambar waya mai aiki, adireshin imel, da katin banki ko asusun da za ka iya turo kuɗi daga ciki.

Hattara: sunan da za ka rubuta ya zama daidai da yadda yake a takardar NIN ɗinka. In a can Muhammad aka rubuta, kada ka sa Mamman ko Moh'd. Matar da NIN ɗinta ke ɗauke da sunan mahaifinta kada ta sa na mijinta. Abin kamar ƙarami ne, amma ya isa a tsayar da mutum a ƙofa ana ta bayani jirgi na shirin tashi.

3. Sayen tikiti

A nan ne ake shan wahala, don haka zan ɗan tsaya.

Tun farkon 2021 ake sayar da tikitin wannan layi ta shafin intanet da manhajar waya. Akwai kantar sayar da tikiti a tasha, amma kada ka dogara da ita, musamman ranar Juma'a, Lahadi da Litinin, da lokutan Sallah da Kirsimeti. Wanda ya taso daga gida da niyyar saye a kanta a irin waɗannan ranaku, sau da yawa "babu kujera" zai ji.

Ga yadda ake bi. Ka shiga shafin, ka yi rajista da sunanka, NIN, lambar waya da imel. Ka yi wannan tun kwanaki kafin tafiya, ba daren jajibiri ba, domin in wani abu bai yi daidai ba ka sami lokacin gyarawa. Sannan ka zaɓi tashar hawa, tashar sauka, da ranar tafiya. Jerin jirage zai fito da lokutansu. Za ka ga alamu kamar AK1 ko KA2. AK na nufin daga Abuja zuwa Kaduna, KA kuma daga Kaduna zuwa Abuja. Ka zaɓi aji, ka zaɓi tarago da kujera, ka biya. Tikitin zai fito a shafin kuma a turo shi imel ɗinka.

Aji uku ne. Ikonomi, wanda taragonsa ke ɗaukar mutum 88, shi ne mafi araha kuma shi ke fara ƙarewa. Sai bizines mai kujera 56, sai na manya mai kujera 24. Lokacin da aka dawo da jirgin a Disamba 2022 an sa farashinsu naira 3,600, da 6,500, da 9,000. Wannan don ka san tazarar da ke tsakaninsu ne; abin da za ka biya shi ne abin da shafin ya nuna maka ranar saye. Duka taragan akwai na'urar sanyi, duka kuma lokaci ɗaya suke isa. Bambancin faɗin kujera ne da sararin miƙe ƙafa. Mai lafiya ikonomi ya ishe shi. Amma in tsohuwa za ka kai, ko mara lafiya, ko mai juna biyu, in da hali ka ƙara kuɗin, ba asara ba ce.

Ba a buɗe sayarwa tun makonni kafin tafiya, sai ranar ta matso, kuma da an buɗe ake wawashewa. Saboda haka ka riƙa leƙa shafin tun kwana biyu kafin ranarka, da safe da dare. In ka ga ya cika kada ka fid da rai nan take. Kujerun da wasu suka kama ba su biya ba sukan dawo bayan ɗan lokaci. Ka lura kuma da ranar Laraba, ita aka saba warewa don gyare-gyare, jirage kan ragu sosai.

Hattara ta farko: kowane layin dogo yana da nasa shafin sayar da tikiti. Na Legas daban, na Warri daban, na Abuja da Kaduna daban. Ka samo adireshin daga sanarwar hukumar kanta ko daga allon da ke tasha, ba daga saƙon da aka yi ta turawa a WhatsApp ba.

Ta biyu: in an cire kuɗi a asusunka tikiti bai fito ba, kada ka yi gaggawar sake biya. Ka duba imel, har da akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa, ka duba tarihin sayayyarka a shafin, ka ba shi 'yan mintoci. Ka adana alat ɗin banki, shi ne hujjarka in za ka kai ƙorafi.

Ta uku, kuma ita ta fi muhimmanci: 'yan cuwa-cuwar tikiti. Za ka gan su a bakin tasha, ko a ba ka lambar wani a ce "yana da hanya". Sukan ninka kuɗin, kuma tikitin da za su miƙo maka sau da yawa sunan wani ne a kai. In aka duba aka ga ba kai ba ne, kuɗinka ya tafi, kuma ba ka da wanda za ka kama. Bayan wannan ma, ka tuna dalilin da ya sa aka kawo NIN: don a san waye a cikin jirgi. Allah ya kiyaye, in wani abu ya faru a hanya, sunayen da ke kan tikiti ake bi a nemi iyalan mutane. Wanda ya hau da sunan wani, danginsa za su yi ta nema a jerin da babu shi. Gara ka ɗaga tafiyar zuwa gobe.

In ba ka iya intanet ba, ka sa ɗanka ko ƙaninka ya saya maka, amma da sunanka da NIN ɗinka. In da yara za ka yi tafiya, ka shigar da su tun wajen saye, kada ka bari sai a ƙofa. In kuma dawowa za ka yi a kusa, ka fara neman tikitin dawowa tun kana isa.

4. Karanta tikitin da kyau

Abu biyar za ka duba: rana, lokaci, tashar hawa, lambar tarago, lambar kujera. Akwai kuma ɗan murabba'i mai ɗige-ɗige baƙi da fari, shi ne lambar QR, kuma shi na'ura ke karantawa a ƙofa.

Ka yi sikirinshot ɗinsa tun kana gida, ka tura wa wanda kuke tafiya tare, in akwai wurin buga takarda a kusa ka buga. A tasha jama'a na da yawa, sabis yakan yi nauyi, kuma ba lokacin neman imel ba ne kana gaban layi mutum 50 na bayanka. Ni nakan rubuta lambar tarago da ta kujera a 'yar takarda in sa a aljihun gaba, don kada in yi ta ciro waya hannuna ɗauke da kaya.

Hattara: lokacin da jirgi ke barin Idu daban yake da lokacin da yake barin Kubwa. Ka duba na tasharka. Kuma ka tabbata AK ko KA ɗin da ka saya ya dace da inda ka nufa, don ana samun masu sayen tikitin dawowa a madadin na tafiya.

5. Haɗa kaya

Ka ɗauki abin da za ka iya ɗagawa da kanka. Akwai tafiya daga inda mota za ta ajiye ka zuwa cikin tasha, akwai matakala, kuma kai ne za ka cusa jakarka a maratayar kaya da ke saman kujeru. Akwati ɗaya da 'yar jakar hannu sun wadatar. Wannan jirgin fasinja ne, ba na kayan kasuwa ba; buhun hatsi, jarkar manja, kaji, a ba motar tasha. In kayanka sun yi yawa za a iya neman ka biya kuɗin kaya, to ka biya a inda aka tanada ka karɓi rasit.

Kada ka sa wuƙa, fetur, tukunyar gas ko wani abu mai kama wuta. A jakar hannu ka sa katin shaidarka, caja, ruwan sha, maganin da kake sha, da rigar sanyi ko mayafi mai kauri, domin sanyin cikin tarago yakan yi yawa, yara da tsofaffi sun fi jin jiki. Ka riƙe tsabar kuɗi 'yan canji saboda keke da ɗan dako.

Hattara: kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba, ko da ya ce ƙaninsa zai karɓa a Rigasa, ko da ya haɗa ka da Allah. Duk abin da aka samu a hannunka naka ne.

6. Fita daga gida

Ka sa a ranka za ka isa tasha awa ɗaya kafin lokacin tashi. Ba awa ɗaya za ka bar gida ba, awa ɗaya za ka kasance a cikin tasha. Ana rufe ƙofar shiga kafin jirgi ya motsa, kuma in an rufe, roƙo ba ya buɗe ta.

Duka tashoshin uku a gefen gari suke. Mai zuwa Rigasa daga Barnawa, Sabon Tasha, Unguwar Rimi ko Kawo sai ya biyo babban titin Nnamdi Azikiwe ya shiga ta Bakin Ruwa, kuma wajen yakan cushe da keke da manyan motoci. Mai tasowa daga Nyanya ko Mararaba da safe ya san halin hanyarsu, ya ƙara awa guda a lissafinsa. Idu tana can cikin unguwar masana'antu, ba a samun motar haya a sauƙaƙe kamar cikin gari, yawanci shata ake ɗauka ko a kira mota ta manhaja. Ka sa wannan a lissafin kuɗinka, don wani lokaci kuɗin motar zuwa tasha da na fita daga ɗaya tashar sukan kai kuɗin tikitin ikonomi, har su wuce.

In daga Kano, Zariya ko Katsina za ka taso, kada ka sayi jirgin sassafe sai in a Kaduna za ka kwana.

7. Ƙofar tasha da bincike

Tun daga ƙofar harabar za ka tarar da jami'an tsaro. Za su iya duba mota, su tambayi tikiti. Masu rakiya a waje suke tsayawa, don haka ku yi sallamarku da addu'o'inku tun a nan.

A ƙofar ginin za ka ɗora jakunkunanka a kan na'urar binciken kaya, kai kuma ka bi ta ƙofar da ake duba jiki, ko a shafa maka na'urar hannu. Ka tsaya ka ƙirga kayanka a ɗaya gefen kafin ka wuce. Baƙaƙen akwatuna suna kama da juna, shi ya sa ɗaura ɗan ƙyalle mai launi a hannun akwati yake da amfani. Daga nan sai wajen tantance tikiti. Ka buɗe hoton tikitin, ka ƙara hasken fuskar wayar har ƙarshe, ka kara murabba'in nan a na'ura ko ka miƙa wa ma'aikaci, katin shaidarka na ɗaya hannun. In gilashin wayarka ya tsage daidai wurin, na'ura ba za ta karanta ba, a nan takardar da ka buga za ta cece ka. Mai niƙabi za ta iya neman ma'aikaciya mace ta duba fuskarta.

In wani abu ya shige maka duhu, tambayi mai kayan aiki ko mai rataye da katin shaida a wuya. "Sannu da aiki, Yallaɓai. Don Allah ina masu zuwa Kaduna suke zama?" Ya isa. Wanda ya zo da kansa yana cewa "Alhaji kawo in shigar da kai ta baya", ka ce masa ka gode. In za ka ɗauki ɗan dako, ku yi ciniki kafin ya ɗaga kayan, kuma ka bi shi ƙafa da ƙafa.

8. Zauren jira

Ka sami wuri kusa da ƙofar fita zuwa bakin jirgi ka zauna. Ka shiga bayan gida yanzu, ka kai yara su ma. In lokacin sallah ya yi ko ya kusa, ka yi alwala ka yi sallarka a tasha, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan cikin jirgi mai tafiya. Nisan tafiyar kuma ya kai na ƙasaru. Amma ka duba agogo kafin ka tayar, kada a kira shiga kana raka'ar farko. Ka cire abin sauraro daga kunne, domin da lasifika ake sanarwa, yawanci da Turanci. In ba ka ji da kyau ba, tambayi na kusa da kai.

9. Bakin jirgi da neman tarago

Da an yi kira za ka ga jama'a sun miƙe gaba ɗaya sun nufi ƙofa. Kada gudun mutane ya ruɗe ka. Kujerarka na nan da lambarta, babu mai ɗauke ta.

Idan ka fito dandamali, wato dogon daɓen da jirgi ke tsayawa a gefensa, ka tsaya bayan layin da aka ja a ƙasa har jirgi ya tsaya cik. Ka riƙe hannun yaro gam, ba gefen rigarsa ba. Lambar kowane tarago tana jikinsa kusa da ƙofa, kuma galibi akwai ma'aikaci a tsaye da zai duba tikitinka ya ce maka nan ne ko gaba. Jirgin dogo ne, taragonka zai iya kasancewa can ƙarshe, don haka da ka fito ka fara duba lambobin, ka ga ta wane gefe suke hawa. Ka bar masu sauka su gama sauka. Tsakanin daɓen da matakin jirgi akwai rata. Ka fara miƙa akwati, sannan yaro, sannan kai. Mai babbar riga ya naɗe hannuwanta, mai dogon hijabi ko abaya ta tattare ƙasan kafin ta taka.

Ga masu hawa a Kubwa: in jirgi ya tsaya ka ga taragonka da nisa, kada ka tsaya gudu a waje. Ka shiga ƙofar da ta fi kusa, ka bi ta ciki, domin taragan a haɗe suke, ana ratsawa daga wannan zuwa wancan.

Hattara: kada ka tsallaka dogo da ƙafa ko da kana ganin babu komai a kai. Kuma in jirgi ya fara motsi, ya wuce ka ke nan. Kada ka bi shi, kada ka kama ƙofa.

10. Kujerarka

Lambobin kujeru suna sama da su ko a jikin bango. Ka tabbatar da tarago kafin kujera, don kujera mai lamba 34 tana cikin kowane tarago na ikonomi, kuma mafi yawan gardamar da ake yi a jirgi daga nan take tasowa: mutum biyu kowa da tikitinsa na gaskiya, lamba ɗaya, ashe ɗaya taragon gaba ne nasa.

In ka tarar da wani a kujerarka, ka yi sallama ka nuna masa tikitin. "Baba, a gafarce ni, kamar nan ce tawa, ko za mu duba naka?" Sau da yawa dattijo zai ciro takardarsa a ninke daga cikin hula ko aljihun 'yar ciki, ku duba tare, ka ga nasa tarago na 5 ne ba na 6 ba. To ka ɗaukar masa jakarsa ka raka shi, mintuna biyu ne. In kuma mutum ya ƙi tashi, kada ka ɗaga murya, kira ma'aikacin tarago. Musanyar kujera don uwa ta zauna kusa da 'ya'yanta abu ne da ake yi da yardar juna, kuma yana da kyau, amma ka riƙe tikitinka a hannu saboda masu dubawa suna zagayawa bayan an tashi.

Babbar jaka a sama inda idonka ke ganinta, ta hannu a cinyarka. Tafiyar takan ɗauki awa biyu zuwa biyu da rabi, wani lokaci ta ɗara. Akwai bayan gida a ƙarshen tarago, akwai masu sayar da abin sha da abin taɓawa, sai dai sun fi na waje tsada. Ba a shan taba. Sabis yakan ɗauke a wurare da dama, don haka ka kira mai tarbarka tun kafin a tashi, ka gaya masa tasha da lokaci. Za ka ga jami'an tsaro da bindigogi a cikin jirgi, aikinsu ne, kada ka ɗauke su hoto. In jirgi ya rage gudu ko ya tsaya a daji, ka zauna a kujerarka ka saurari ma'aikata. Layin guda ɗaya ne, wani lokaci ana jira ne ɗaya jirgin ya wuce. Kada ka taɓa ƙofa, kuma kada ka yi saurin rubuta a Facebook cewa wani abu ya faru alhali ba ka sani ba, akwai iyalan ɗaruruwan mutane da ke karantawa.

11. Sauka

Mai zuwa Kaduna hankalinsa kwance, Rigasa ce ƙarshe, kowa zai sauka. Mai zuwa Abuja ne zai kula. Da an ce Kubwa za ka ga rabin tarago ya miƙe. In Idu za ka, kada ka bi su, saura ƙasa da rabin awa. In kuma Kubwa ce taka, ka sauko da kayanka tun jirgi na rage gudu, ka tsaya kusa da ƙofa, ka tashi yaran da suka yi barci tun da wuri. Kafin ka bar kujera ka duba ƙarƙashinta da aljihun da ke gabanka. Caja, tabarau da hula su aka fi mantawa.

A waje direbobi za su yo maka caa. Kada ka bar wani ya fizgi jakarka kafin ku yi magana. Ka faɗi unguwar da za ka, ku gama ciniki, ka tambaya shata ce ko haɗaka, sannan a sa kaya a but. A Rigasa akwai keke da tasi masu shiga gari, akan samu kuma motocin da ke wucewa Zariya da Kano kai tsaye, ko da yake sun fi na tashar Kawo tsada. A Abuja ka guji shiga motar da ba ta da alama wadda ta tsaya maka a bakin titi, musamman da dare. Ka hau a cikin harabar tasha ko ka kira ta manhaja, ka tura lambar motar ga wani naka.

12. In jirgi ya bar ka, ko an soke tafiya

Tikitinka na wannan jirgin ne a wannan lokacin, ba za ka hau na gaba da shi ba. In ka makara, ka je kanta kai tsaye ka tambaya ko akwai kujera a jirgi na gaba, kana kuma duba shafin a wayarka. Kada haushin makara ya tura ka hannun 'yan cuwa-cuwa, don a daidai wannan lokacin suka fi samun mutane.

In hukuma ce ta soke tafiyar ko ta ɗaga ta, ka adana tikitinka da alat ɗin banki, ka tambayi ofishin tasha yadda ake sauya rana ko mayar da kuɗi, ka rubuta sunan ofishin da aka tura ka. Saboda irin wannan ne nake ba da shawarar kada a sayi jirgin ƙarshe na yini in akwai abin da ba ya ɗaguwa washegari, kamar jarrabawa, ganin likita ko jirgin sama. Ka ɗauki na safe ko na rana, yadda in an sami matsala za ka iya komawa tashar mota da sauran hasken rana, domin hanyar Abuja zuwa Kaduna ba ta tafiyar dare ba ce.